Idan salwa ta ji ciwo a faɗan keji: abin yi tun daga ganin jini har mayar da ita cikin 'yan uwanta

Salwa in ka ganta a tsaye kamar ba zata iya cutar da kowa ba, amma duk wanda ya ajiye su a bayan gida ya san halinsu. Zaka kwanta ka barsu lafiya lau, da asuba ka leƙa keji ka tarar da ɗaya a lungu ta takure, an fige mata ƙeya, wani lokacin ma fatar kan ta ɗaye gaba ɗaya har kana hango farin ƙashi, sauran kuma suna ta cin abincinsu ko a jikinsu. Mutane da yawa da sun ga haka sai su ce shikenan ta tafi, su ɗauko wuƙa. Gaskiya ba lallai bane. Fatar tsuntsu tana saurin haɗewa fiye da yadda ake zato, kuma yawancin waɗanda ke mutuwa ba ciwon ne ke kashe su ba, barinsu ake a cikin kejin a ƙarasa su, ko sanyi ya kama su, ko ƙuda ya yi musu ƙwai a ciwon, ko kuma mai su ya zuba musu abin da bai kamata ba.

Irin salwar da muke kiwo a Kaduna, ko a Rigasa ne ko Kawo ko Tudun Wada, kusan duk salwar Japan ce, wadda cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato ta shigo da ita a 1992. Nauyinta giram 120 zuwa 150 ne, sai dai irin manyan nan na nama da suka fi haka. Ka riƙe wannan lissafin don shi zai sa ka gane dalilin gaggawar: jinin jikin tsuntsu wajen kashi 10 cikin 100 ne na nauyinsa, wato duk jinin salwa ɗaya bai wuce cokalin cin abinci ɗaya ba. Ɗigon da kake gani a kan waya kana rainawa, a wurinta ba kaɗan bane.

Cire ta tukuna

Kafin ka nemi auduga ko ka kira kowa, cire ta daga kejin. Yanzu, ba sai ka dawo daga masallaci ko kin gama ɗora tukunya ba. Salwa in ta ga ja sai ta sara, ko wadda babu ruwanta da faɗan zata zo ta kai baki, kuma in suka ɗanɗana ba sa dainawa. Ka sa hannu a hankali ta sama, tafin hannunka ya rufe bayanta da fukafukan, kanta ya leƙo tsakanin yatsu biyu. Kada ka matse ƙirji, tsuntsu da motsin ƙashin ƙirji yake numfashi, in ka damƙe ta da ƙarfi wai don kada ta kuɓuce zata iya shaƙewa a hannunka. Kuma kada ka kama ta ta ƙafa ɗaya ko fiffike ɗaya.

Kafin ka rufe kejin ka ɗan duba bakunan sauran. Wanda ya yi aikin sau da yawa zaka ga jini ya bushe a bakinsa ko a gashin fuskarsa. Ka sa mishi alama da maka a ƙafa, zamu dawo kansa.

Tsayar da jini

In jinin na fita har yanzu, ɗauko bandeji mai tsafta ko ƙyalle wankakke ka danna wurin, dannawa mai sauƙi amma ba tare da ɗagawa ba, minti 3 zuwa 5. Matsalar mutane ita ce leƙe, kowane sakan goma sai an ɗaga an duba, toh kowace ɗagawa tana ɓalle ɗan gudan da ya fara daskarewa. Auduga tsurarta ba ta da daɗin aiki a nan don zarenta na maƙalewa a ciwo. In farce ne ya karye ko tsinin baki, ko sabon gashi mai jini a jijiyarsa ya ɓalle, ɗan garin fulawa ko sitaci zai taimaka, ka dangwala ka danna. Amma kada ka cika babban buɗaɗɗen ciwo da gari, wahalar wankewa kawai zaka jawo ma kanka.

Idan ka ga tana lumshe ido, ta buɗe gashi, ƙafafunta sun yi sanyi, bata ma ƙoƙarin guduwa, toh ka dakata da wanki. Firgita da zubar jini sun kayar da ita. Da jinin ya tsaya ka sa ta a kwali mai duhu da ɗumi ka barta kamar rabin awa zuwa awa ɗaya ta dawo hayyacinta. Wanke ciwo zai iya jira, wadda jikinta ya yi sanyi kuwa in ka ƙara mata ruwa a kai zata iya tafiya nan take.

Kwalin jinya

Kwalin taliya ko na sabulu ya isa. Ka huda ƙananan ramuka a gefe saboda iska, ka shimfiɗa tsohon tawul ko tsumma mai laushi a ƙasa. Banda dusar katako, banda ɓuntun shinkafa, banda yashi a kwanakin farko, duk suna manne wa ciwo. Jarida ko leda kuma santsi gare su, ƙafa zata ringa zamewa. Saman kwalin ka rufe da ragar sauro ka ɗaure da roba, wannan ragar tana aiki biyu: tana hana ƙuda, kuma salwa in ta firgita sama take tashi a miƙe, in murfin mai tauri ne da kan nan mai ciwo zata buga.

Maganar ɗumi ta danganta da lokaci. Zafin jikin salwa ya kai digiri 41, kuma jikinta ƙarami ne, saurin hucewa yake. A Disamba da Janairu, lokacin da hunturu ke kaɗawa a Kaduna asuba ta yi sanyin nan mai shiga ƙashi, dole ka shigo da kwalin ɗaki, ka cika gorar ruwa da ruwan ɗumi ka naɗe da tsumma ka ajiye a gefe ɗaya, gefe ɗaya kawai, don in zafi ya dame ta ta matsa. Na fi son gora a kan kwan lantarki don ba a dogara da Nepa, kuma haske yana hana ta kwanciya. Kada ka kusantar da ita da kurfoti ko risho, hayaƙi yana kashe tsuntsu da wuri. A Maris da Afrilu kuma akasin haka ne, ɗakin kwano da rana tsaka zai iya gasa ta, in ka ga ta buɗe baki tana haki ta saki fukafukai toh zafi ya yi yawa, nemi inuwa mai iska. Ka ɗora kwalin a kan tebur ko benci saboda kiyashi da cinnaku, ka kuma nisanta shi da mage da yara masu son leƙe.

Wanke ciwon

Nan ne aikin yake, kuma nan aka fi ɓatawa. Ka wanke hannu da sabulu. Tafasa ruwa rabin lita, wato adadin ledar fiya wata ɗaya, ka zuba gishiri ƙaramin cokalin shayi ɗaya shafaffe ba tsororuwa ba, ka bari ya huce ya zama ɗumi-ɗumi. In kemis na kusa ka sayi ruwan gishirin da ake ƙarin ruwa da shi, ya fi ma. Ka karɓi sirinji mai cin 5ml ko 10ml ka cire allurar ka yar a inda yaro ba zai taka ba.

Naɗe salwar da ɗan tsumma ka bar kan a waje, in da wanda zai riƙe maka ya fi. Karkatar da kan ta yadda ruwan zai gangara ta baya, ba ta wajen hanci da baki ba. Sai ka ringa fesa ruwan a hankali kan ciwon har datti da busasshen jini su saki. Gashin da ya manne a ciki ka jiƙa shi sosai ka janye, na gefen da ke faɗowa ciki ka datse da ƙaramin almakashi. Kada ka goga, dangwalawa ake. In fatar ta ɗaye amma tana nan a maƙale kuma launinta bai yi baƙi ba, bayan wankin ka jawo ta a hankali ka mayar mazauninta, wani lokacin tana kamawa. In ta bushe ta ƙandare ka barta, da kanta zata faɗi.

Bayan nan sai maganin shafawa. Aidin mai ruwan ƙasa, wanda ake rubuta povidone a jikin kwalbarsa, ka sirka da ruwan gishirin har ya koma launin shayi marar madara wanda bai yi kauri ba, ka dangwala. Akwai kuma GV, maganin nan mai launin shunayya da ake shafa wa yara, yana busar da ciwo kuma yana ɓoye jan da ke jawo sara. A shagunan maganin dabbobi akwai na fesawa mai oxytetracycline, shima shunayya ne ko shuɗi. In shi ka samu kada ka fesa kai tsaye a kan salwa, zai shiga ido da hanci, kuma ƙarar kawai ta isa ta razana ta. Fesa a murfin gora, ka dangwalo da tsinken goge kunne ka shafa.

In ƙashin kai a buɗe yake, abin da ake so shi ne kada ya bushe ƙayau. A kwanakin farko na fi son a shafa mishi siririn man ciwo mai kashe ƙwayoyin cuta, ko zuma tsantsa ɗan kaɗan. Zuma tana aiki wallahi, illarta ɗaya kiyashi, don haka in zaka yi amfani da ita ka tabbatar ƙafafun teburin suna cikin gwangwani mai ruwa. Ka karanta jikin man kafin ka saya, in akwai sinadarin kashe zafi mai ƙarewa da caine, ko hydrocortisone da danginsa, ka ajiye musu kayansu.

Abubuwan da dan Allah kada ka sa: baƙin mai, kalanzir, fetur, man goge baki, toka, barkono, sifirit, Dettol ko Izal tsura. Na san baƙin mai ya shahara a wurin masu kaji da masu awaki, wata maƙwabciyarmu ma har rantsuwa take a kansa, amma gyaran gangar auzinawa ne, yana ƙona naman da ke ƙoƙarin tohowa kuma tsuntsuwar zata goge da ƙafa ta kai baki. Ruwan nan mai kumfa da ake wanke ciwo da shi a kemis shima in an maimaita yana cinye sabon nama. Bandeji a kai kuma ba ya zama, zata fizge shi da farce ta ƙara yage wurin, a bar ciwon a buɗe ragar sauron ta yi aikinta.

Duba sauran jiki

Kada ciwon kai ya ɗauke maka hankali ka manta da sauran. Busa gashin bayanta da ƙarƙashin fukafukai da gindin wutsiya, ƙananan huji suna ɓuya a nan. Ido in ya kumbura ya rufe ka jiƙa da ruwan gishiri sau biyu ko uku a rana har ya buɗe da kansa, kada ka ɓamɓare da ƙarfi. Sau da yawa idon yana nan lafiya a ciki, fatar ce ta kumbura. Ko ta rasa ido ɗaya ma tana rayuwa tana ƙwai, sai dai a haɗa ta da masu sanyin hali. Fiffike in ya saki yana jan ƙasa, naɗe shi yadda yake zama ka ɗaure da filasta ta takarda a jikinta, ba tamau ba. Ƙafa in ta karye a sandar ƙasa kuma ƙashi bai fito ba, tsinken ashana biyu da ɗan ƙyalle da filasta suna riƙewa, sati biyu zuwa uku ta ɗinke.

Ruwa da abinci

Ruwa ne a gaba. Lita ɗaya, sukari cokalin shayi 6, gishiri rabin cokalin shayi, irin haɗin da ake ma yara masu gudawa, ko gulukos da bitamin na kaji in kana da su. Zuba a murfin kwalba marar zurfi. In bata sha da kanta ka tsoma tsinin bakin kawai ka saki, zaka ga ta ɗaga kai tana haɗiya. Kada ka buɗe bakin ka ɗura da sirinji, ƙofar numfashinta a gindin harshe take, ruwan zai wuce huhu. Wannan haɗin kwana biyu ya isa, daga nan a koma ruwa zalla.

Abinci kuma ka bata wanda ta saba, ka ɗan jiƙa ya yi laushi, ka marmasa dafaffen ƙwai a kai. Abincin 'yan tsaki da ake kira sitata ya fi gurowa, wato na masu tasowa, a wannan lokacin don ya fi yawan furotin, kuma da shi ake gina fata da gashi. Jiƙaƙƙen abinci yana tsami da wuri a zafin nan namu, kaɗan-kaɗan zaka ringa sawa kana zubar da ragowar. In ta wuni bata ci ba ranar farko ba abin tashin hankali bane in dai tana sha. In ta daina ƙwai ma haka ne, zata dawo.

Kada ka fasa mata farasitamol ko ibuprofen ko diclofenac. Shi diclofenac ɗin nan shi ya kusa ƙarar da ungulaye a Indiya da Pakistan, suna cin mushen shanun da aka yi ma allurarsa ƙodarsu ta lalace, har Indiya ta hana ba dabbobi shi a 2006. In ciwon ya kai a bata maganin zafi likitan dabbobi ne zai auna mata daidai nauyinta.

Kwanakin da ke biye

Safe da yamma ka duba, ka wanke da ruwan gishiri ka sake shafa magani, haka har kwana 4 ko 5. Da ɓawo ya rufe wurin ka rage taɓawa, kuma komai muninsa kada ka ɓamɓare, a ƙarƙashinsa fatar ke tahowa daga gefe-gefe. Ka ringa canza tsumman ƙasa kullum. Kashinta ma ka kalla, in yana fita da ɗan kauri da farin nan a kai toh tana ci.

Da damina, musamman Yuli da Agusta, ƙuda ne babban abokin gaba, ƙwansa cikin kwana ɗaya yake zama tsutsa. In ka ga tsutsa kada ka zuba fiya-fiya ko wani maganin ƙwari, ka fesa ruwan gishiri da yawa ka tsince su ɗaya-ɗaya da ɗan hantsaki, ka sake dubawa bayan awanni kaɗan don wasu suna ɓuya ƙarƙashin fata.

Alamun da ke cewa abin ya fi ƙarfin gida: wari, kumburi mai zafi da ke ƙaruwa, gefen ciwon ya yi baƙi yana yaɗuwa, wani abu rawaya a daskare a ciki (mugunyar tsuntsu bata tsiyaya, daskarewa take), wuyanta ya murɗe tana juyi, ko kwana biyu ko ruwa bata sha. Nan sai likita, akwai su a cikin gari, sannan ga asibitin koyarwa na dabbobi a jami'ar Ahmadu Bello Zariya. In an rubuta maganin sha ko allura ka tambaya ƙarara, likita kwana nawa za a yi kafin a ci ƙwanta ko namanta? Ka zubar da ƙwan waɗannan kwanakin, kada ka saida ma mutane.

Wani lokacin kuma gaskiya yanka ne tausayi. In ƙoƙon kan ya fashe, ko ciki ya huje, ko idanu biyun sun tafi, ko ƙashi ya ɓullo waje, ka yi bismilla ka yanka tun da ranta kafin ta zama mushe, kuma wannan shawarar a yanke ta kafin a fara ɗura magunguna don naman ya ciwu.

Ka tabbatar ma faɗan ne. Ɓera da gafiya suna cin yatsu ta ƙarƙashin waya da dare. Ciwo a tsakiyar kai ba tare da fige gashi ba yawanci bugun rufin keji ne, shi ya sa ake son tsayin keji ya tsaya wajen santimita 25 ko a sa soso a rufin. In kuwa suna mutuwa da yawa a tare babu ciwo a jiki, kada ka taɓa da hannu tsirara kada ka ci, ka sanar da ma'aikatan lafiyar dabbobi. Murar tsuntsaye nau'in H5N1 a jihar nan aka fara tabbatar da ita a Afirka, a wata gona a Jaji a Fabrairun 2006.

Mayar da ita

Ƙaramin ciwo sati ɗaya zuwa kwana goma, ɗayewar kai sati biyu zuwa uku ko fiye. Sharaɗin shi ne ɓawon ya faɗi da kansa, babu ja babu danshi. Gashin zai iya ɗaukar sama da wata, wata ma haka zata zauna da sanƙo.

Kada ka ɗauke ta ka jefa ciki kawai, sun manta da ita, baƙuwa zasu ɗauke ta. Sa ta a ƙaramin keji jikin nasu, waya a tsakani, suna ganin juna kwana 4 zuwa sati. In kaɗaici ya dame ta tun a kwali, ka sa mata mace ɗaya mai sanyi bayan ciwon ya bushe, su biyu sun fi sauƙin komawa. Ranar haɗawa ka fitar da kowa, ka share kejin, ka canza wurin abinci da ruwa, ka sa kwano da yashi su yi birgima, ka jefa ganyen latas ko zogale ya ɗauke musu hankali, sai ka mayar da su gaba ɗaya bayan magariba. Da gari ya waye ka tsaya a kansu. Ɗan sara ɗaya biyu da kora ba komai, amma in ɗaya ya nace yana binta lungu-lungu yana kai mata a ka, shi zaka cire, ba ita ba.

Wanda ka sa ma alama

In baka gyara abin da ya haddasa faɗan ba sati mai zuwa wata zaka ɗauko. Mafi yawan lokaci maza ne suka yi yawa. Salwa tana balaga a sati 6, shi ya sa 'yan tsakin da suka taso tare lafiya suke juyewa juna dare ɗaya. Namiji ƙirjinsa ja-ja ne babu ɗigo, mace nata fari-fari da ɗigon baƙi, in farare ne ko launin ya ruɗe ka ka ɗan matsa saman duburar, namiji balagagge zai fitar da farin kumfa. Namiji ɗaya mata 4 ko 5, kuma kowane namiji da ɗakinsa. In matan sun yi kaɗan su ma suna shan wahala, da baki yake kama ƙeyarsu wajen barbara har wurin ya zama ciwo.

Sai cunkoso, a gida ka ba kowace wuri kamar faɗin tayil ɗaya mai santimita 30. Mazubin abinci da na ruwa su zama biyu-biyu don kada mai ƙarfi ya tare. Dusa da tsaki kaɗai ba sa riƙe salwa, mai ƙwai tana son abinci mai furotin wajen kashi 20, in ya gaza sai su koma cin gashin juna. Haske kuma awa 14 zuwa 16 ya wadatar, masu barin fitilar sola a kansu har asuba wai don ƙwai ya ƙaru suna ƙara musu zafin kai ne.

Shi mai laifin ka ware shi sati ɗaya ka gwada. In ya sake, ko mace ce don akwai mata masu wannan halin, tukunya ta fi dacewa da shi. In ma ƙwan ci da saidawa kake nema ba na ƙyanƙyasa ba, baka buƙatar namiji ko ɗaya a kejin, matan zasu yi ƙwansu ba tare da shi ba, mazan kuma da sun kai sati 7 ko 8 ka ware su ka yanka ko ka kai ma masu gashi.